Mayo-Danay: Daga ina ambaliya ke zuwa, kuma wane shiri ya rataya a wuyan kowane gida?

Gundumar Mayo-Danay tana gabashin yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, kogin Logon ne iyakarta da Chadi. Babban garinta shi ne Yagwa (Yagoua), wanda ke fuskantar Bongor a ƙetaren kogi. Faɗinta ya ɗan haura murabba'in kilomita 5,000, tana da ƙananan hukumomi 11, cikinsu har da Maga, Kai-Kai, Vele, Gobo, Gere da Kalfu. Ƙidayar 2005 ta samu mutum sama da dubu 500 a gundumar, yau kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba. Masa, Tupuri, Musgum da Musei ne suka fi yawa, sai Fulani, Barebari, Larabawan Shuwa da Hausawa. Galibin Hausawan a kasuwa ake samunsu: cinikin shinkafa, bandar kifi, fawa, tireda da sufuri.

Ambaliya ce babbar masifar da ke addabar wannan ƙasa. Ta yi ɓarna mai yawa a 2012, ta dawo a 2019, ta sake dawowa a 2022 da 2024. Sai dai ba kasafai take zuwa ba zato ba. Tana da watanninta, tana da hanyoyinta, kuma mafi yawan ruwan da ke shiga gidaje a watan Oktoba ya sauka ne makwanni kafin nan, a wata ƙasa mai nisa. Wannan tazarar ita ce damar da mai gida yake da ita. Abin da za a faɗa a kan Mayo-Danay ya shafi Mayo-Kebbi ta Gabas a Chadi da gundumar Logon-da-Shari a arewa, domin kogi ɗaya suke sha.

Hanyoyi uku na ruwa

Hanya ta farko ruwan sama ne da ke sauka a wurin. Yagwa na samun kimanin milimita 800 a shekara, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba, Agusta ne kuma watan da ya fi yawa. Adadin ba shi da ban tsoro, ƙasar ce matsalar. Shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai: daga Bongor zuwa Njamena tafiyar kusan kilomita 240 ce, amma gangarar ba ta kai mita 40 ba. Ga kuma baƙin laka, wanda Fulani ke kira karal, Barebari ke kira firgi. Da rani yakan dare har ƙafa ta faɗa ciki, da ya sha ruwan farko sai ya kumbura ya rufe, daga nan duk abin da ya sauka a kansa nan zai kwanta.

Hanya ta biyu ta yamma take zuwa, daga duwatsun Mandara. Rafukan da ake kira mayo, irin su Mayo Tsanaga da ke ratsa Marwa da Mayo Bula, busassu ne a mafi yawan shekara. In an yi ruwa mai ƙarfi a kan duwatsu, cikin sa'o'i kaɗan sukan cika su taho da yashi da itace. Ƙarshen tafiyarsu tafkin Maga ne.

Hanya ta uku ita ce Logon kansa, kuma ita ce ta fi ruɗin baƙo. Kogin ya kai tsawon kilomita kusan 1,000. Rassansa na tasowa ne daga tsaunukan Adamawa na Kamaru da arewacin Afirka ta Tsakiya, inda damina ta fi tsawo, ruwan kuma ya fi yawa. Yakan bi ta Mundu da Lai kafin ya iso Bongor, daga nan ya wuce Pus da Logon-Birni, ya haɗu da Shari a tsakanin Kuseri da Njamena. Saboda rashin gangara tafiyarsa a hankali take. Shi ya sa yake kaiwa ƙololuwa a wajen Yagwa tsakanin ƙarshen Satumba da Oktoba, a Kuseri kuma har cikin Nuwamba. A lokacin sama ta washe, an fara maganar girbi, wanda bai san kogin ba ya ɗauka an tsira. Kogin kuwa a lokacin yake hawa.

In ya cika ya batse, wani ɓangaren ruwan yakan malala arewa cikin babbar fadamar da ake kira yayre, wani kuma yakan tsallake ta kudu, ta ƙasar Tupuri da tafkunan Fiyanga, ya faɗa Mayo-Kebbi, ya shiga Binuwai. Wato a shekarar da ruwa ya yi yawa, wani abu daga cikin ruwan da ya kamata ya tafi tafkin Chadi yana ƙarewa ne ta Garwa da Yola da Lokoja.

Akwai abu ɗaya da ƙasar ta yi wa mutane tanadi. Wani dogon tudun yashi ya taso daga Limani a kan iyakar Najeriya ya zo har Yagwa da Bongor. Masana sun nuna cewa shi ne tsohon bakin tafkin Chadi, a zamanin da tafkin ya ninka na yau sau da yawa. Tsofaffin ƙauyuka a kan irin waɗannan tudduna suke zaune, sababbin unguwanni ne ke gangarawa cikin kwari, inda fili ya fi araha.

Dam ɗin Maga da shingen kogi

A 1971 gwamnatin Kamaru ta kafa kamfanin SEMRY domin bunƙasa noman shinkafa a Yagwa. A 1979 aka kammala madatsar ruwa ta Maga: shingen ƙasa mai tsawon kilomita 27 tsakanin Girvidik da Pus, wanda ke tare ruwa kimanin kubik mita miliyan 600. Ruwan rafukan Mandara da wani ɓangare na Logon ne ke cika tafkin. In ya yi yawa ana rage shi ta Mayo Vrik zuwa yayre, akwai kuma mazubar ruwa a wajen Pus. Sannan aka ja wani shingen, wanda ake kira dig da Faransanci, a bakin Logon domin kare gonaki da garuruwa. Gonakin SEMRY na Yagwa da Maga sun kai kimanin hekta 11,500, kuma kaso mai tsoka na shansherar da ake nomawa a nan fatake ne ke saye su kai Najeriya.

Aikin ya kawo abinci da kuɗi, ya kuma kawo sabon haɗari. Garin Maga da ƙauyukan manoman shinkafa a ƙasan dam suke zaune. Shingen kuwa ƙasa ce aka tara aka daddale, ba siminti ba. Igiyar ruwa da iska ke kaɗawa tana cin fuskarsa, tururuwa da ɓeraye suna huda shi, shanu na tattake shi a mashaya. Mutane ma suna da nasu laifin: mai yanka ƙaramar hanya don ya kai ruwa gonarsa, mai haƙar ƙasar tubali a gindin shinge, masuncin da ke buɗe kafa don kifi ya bi. Kowannensu yana ganin abin da ya yi bai taka kara ya karya ba, alhali ta irin wannan kafar shinge ke fara ɓallewa.

A damina ta 2012 tafkin ya cika har aka ji tsoron dam ɗin zai fashe, aka kwashe dubban mutane daga yankin Maga da Kai-Kai. Shugaba Paul Biya ya ziyarci Girvidik a watan Satumba na shekarar, ya yi alkawarin shinge mai hanyar mota a kansa, kilomita 330 daga Gobo zuwa Kuseri. Har ambaliyar 2024 ta zo ba a gina shi ba. Abin da aka yi shi ne shirin gaggawa na PULCI, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2013 a kan dala miliyan 108. Da shi aka gyara dam ɗin Maga da kimanin kilomita 70 na shingen Logon, aka kuma kafa ma'aunan ruwa.

Gyaran ya yi amfani, dam ɗin bai fashe ba a manyan shekarun da suka biyo baya. To amma shinge yana da halaye biyu da ya kamata a sani. Yadda yake hana kogi shigowa, haka yake hana ruwan sama fita, sai unguwar da ke bayansa ta zama kwano. Kuma ruwan da aka tare a wannan gaɓa ba ɓacewa yake yi ba, yana neman inda shingen ya ƙare ne, ko kuma ya matsa wa ƙetare. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa maganar Logon ta zama maganar ƙasashe biyu tun yarjejeniyar Mundu ta 1970, da kuma Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964.

A 2022 mutum sama da dubu 300 ambaliya ta shafa a Arewa Mai Nisa, Chadi kuma ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Oktoba. A 2024 adadin ya haura dubu 400 a yankin, Mayo-Danay da Logon-da-Shari ne kan gaba, kuma gadar da ke kan rafin Danay a cikin Yagwa ta karye a watan Satumba, ta raba gari biyu. A Chadi a shekarar mutum kusan miliyan 1.9 abin ya shafa, 576 suka rasu. A wannan watan na Satumba ne kuma dam ɗin Alau ya ɓalle a kan Maiduguri.

Ba za a ce a kori ruwa gaba ɗaya ba, domin shi ne arzikin ƙasar. Bayan an gina dam, malalar yayre ta ragu, kifi da ciyawa suka ragu tare da ita, har sai da aka sake buɗe wata hanyar ruwa a 1994 don a mayar da wani ɓangare. Abin da mutane ke nema shi ne ruwa a fadama, ba a tsakar ɗaki ba.

Abin da gida zai yi, da lokacin yin sa

A tsarin mulki, kare jama'a daga bala'i aikin sashen kare farar hula ne na ma'aikatar harkokin cikin gida, kuma perefe, wato shugaban gunduma, shi ne ke jan ragamar shirin agaji da ake kira ORSEC. Akwai lambar 118 ta 'yan kwana-kwana. Amma a ƙauyen da hanya ta nutse, kwalekwalen maƙwabci ne ke fara isowa, kayan agaji kuma sai bayan kwanaki, wani lokaci makwanni. Kwanakin farko a kan mai gida suke.

Shirin yana farawa ne da tambaya, tun da rani. Ina ruwa ya tsaya a 2012? Ina ya tsaya a 2024? Tsofaffin unguwa sun sani, kuma sau da yawa alamar tana nan a jikin bango ko gindin itace. Duk wanda zai sayi fili ko ya kama hayar shago ya kamata ya yi wannan tambayar kafin ya tambayi kuɗi. Filin da ake sayarwa da araha a watan Maris, busasshe ƙaƙas, yana iya zama tafki a watan Satumba. Baƙi ne suka fi faɗawa wannan tarkon, saboda su ne ke zuwa bayan an riga an cinye tudu.

Ginin ƙasa ta gindi yake mutuwa. Ruwa ba sai ya kai gwiwa ba: in ya kwana biyu ko uku yana lasar tushen bango, tubalin ƙasa yakan jiƙe ya saki, nauyin sama ya rufto. Yawancin waɗanda gini ke kashewa da dare abin ke samunsu, suna barci. Wanda ba shi da halin ginin siminti duka, zai iya yin layukan farko na ƙasa da gasasshen bulo ko bulon siminti, har su wuce alamar ruwan da aka taɓa gani, sannan ya ɗora tubali. A tayar da daɓen ɗaki ya fi tsakar gida, tsakar gida kuma ta fi titi. A sabunta yaɓe kafin ruwan farko, a gyara indararo don kada ya riƙa zuba a gindin bango, a yashe magudana. Wannan duka aikin Afrilu da Mayu ne. A Agusta ƙasa ba ta bushewa, yaɓe ba ya kamawa. In kuma bango ya fara tsagewa ko gindinsa ya yi laushi, a fitar da shimfiɗa waje a daren, ko da za a kwana ƙarƙashin tamfol.

Buhunan yashi suna taimako a bakin ƙofa da wurin da ruwa ke kutsowa, matuƙar an yi su daidai. Ba a cika buhu taf, rabi zuwa kashi biyu cikin uku ya isa, sai a jera su kamar ginin bulo, kowanne ya hau kan mahaɗar na ƙasa, a tattake. Suna karkatar da ruwa mara zurfi. Ba sa tare kogi.

Asarar da ta fi daɗewa a jikin iyali ita ce ta hatsi. Ambaliya na zuwa ne a daidai lokacin da tsohon hatsi ya kusa ƙarewa, sabo kuma bai nuna ba. Rumbun da ke zaune a kan duwatsu ko itace mai tsawon taƙi ɗaya ba zai tsira ba in ruwa ya shigo. Mafita ita ce a raba: wani kaso a gida a kan dakali ko gadon itace mai tsayi, wani kaso a wurin amintacce a kan tudu, tun kafin hanya ta lalace. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana hana ƙwari da danshi, amma ba a yi shi don ya nutse ba. Gangar ƙarfe ko jarka mai murfi mai kyau ta fi shi a wannan fannin, kuma a cikinta ya kamata irin shuka ya zauna. Hatsin da ruwan ambaliya ya jiƙa har ya yi hunhuna ba abin ci ba ne, ko an shanya shi, domin gubar da ke cikin hunhunar ba ta mutuwa da dahuwa.

Dabbobi kuwa da wuri ake ɗaga su. Makiyayan yayre sun daɗe da sanin haka, sukan fita da shanu tun farkon damina, ba sa komawa sai ruwa ya janye. Mai awaki biyar a bayan ɗaki ne ke jinkiri. Akuya ba ta jure tsayuwa cikin ruwa, kofato na ruɓewa, ga tari da zawo. A san tun da wuri wa zai karɓe su a tudu, a kai ɗan abincinsu can. Daren da ruwa ya shigo, a kwance duk dabbar da ke ɗaure, da yawa a turke suke mutuwa.

Sai takardu. Takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, takardar fili, katin rigakafin yara, takardun makaranta, da na zama ga wanda ya fito daga wata ƙasa. Arewa Mai Nisa ta riga ta yi fama da yawan yaran da ba su da takardar haihuwa, kuma babu ita yaro ba ya zana jarrabawar kammala firamare ta CEP. Wanda tasa ta lalace zai nemi kwafi a ofishin magajin gari, in rijistar can ba ta jiƙe ita ma ba, in ba haka ba sai an dangana da kotu. Ga mutumin da iyalinsa ke warwatse tsakanin Kamaru, Chadi da Najeriya, rasa takarda na nufin tsayawa a kowane shingen jandarma. Maganin ba shi da tsada: a naɗe su a leda biyu, a sa cikin robar da ke da murfi, a rataye sama inda kowa a gidan ya sani. A ɗauki hotonsu da waya a tura wa ɗan'uwa a wani gari.

Ɗan kasuwa yana da nasa lissafin. Sukari, gishiri, fulawa, siminti, bandar kifi da atamfa ba sa yafe wa ruwa, kuma sau da yawa kayan na bashi ne. Daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Oktoba hikima ita ce a rage sari, a ɗaga kaya a kan katako da kanta, a kwashe masu tsada zuwa ɗakin ajiya a tudu. Akwai jarabar tara kaya a wannan lokacin saboda farashi na tashi in hanya ta yanke, wasu kuma sun ci riba da hakan. Amma caca ce da dukiyar mutane. Littafin bashi shi ma ya shiga robar takardu. Kuɗi a raba su: wasu a Orange Money ko MTN MoMo, wasu a hannu, ƙananan takardu, domin in wuta ta ɗauke ko layin waya ya faɗi, mai kwalekwale tsabar kuɗi zai karɓa.

Gargaɗi, da harshen da ake yin sa

Tun watan Afrilu ko Mayu cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai suke fitar da hasashen damina na yankin Sahel. A Kamaru hukumar ONACC na fitar da sanarwa duk kwana goma. Waɗannan suna nuna yadda shekara za ta kasance, ba su faɗin ranar da ruwa zai shiga wata unguwa. Labarin da ya fi amfani ga gida shi ne na saman kogi. In an ji Logon ya cika a Mundu da Lai, to yana tafe. A nan fatake da direbobi suna da abin da ma'aikaci ba shi da shi: suna da mutane a kowace kasuwa a kan kogin. Kiran waya ɗaya a mako ya isa. A bakin ruwa kuma a kafa sanda mai zane, a duba safe da yamma. Saurin hawan ya fi tsayin kansa muhimmanci.

Wanda ke zaune kusa da shinge ya san alamun rauni: ruwa na tsatsafowa ta bayan shinge, tsagewa a samansa, gefe na zaftarewa. In ruwan da ke tsatsafowa garau ne, a sa ido. In ya fara fitowa da laka, to cikin shingen yake ci, a sanar da lawan ko jauro da su-perefe nan take, a fara fitar da yara.

Sanarwar hukuma kan bi ta hannun sarakuna, daga lamido ko sultan zuwa lawan, zuwa jauro ko bulama, sai kuma gidajen rediyon yankin da masallatai da majami'u. Sau da yawa da Faransanci ake yin ta, ko Fulatanci, ko Masa, ko Musgum, ko Larabcin Shuwa. Matar da ba ta fita kasuwa, ko tsohon da Hausa kaɗai yake ji, yana iya zama na ƙarshe da zai sani. Unguwar Hausawa na bukatar mutum ɗaya ko biyu da aka ɗora wa sauraro da fassarawa, limami kuma ya maimaita bayan salla. Haka nan rijistar waɗanda abin ya shafa, wadda da ita ake rabon agaji, ta hannun masu unguwa take bi. Gidan da mai unguwa bai san da shi ba da wuya sunansa ya shiga. Wannan zumuncin kafin ruwa ake ƙulla shi.

Ranar fita

Iyali su yanke shawara tun ana zaune lafiya: ina za a je, ta wace hanya, wa zai ɗauki wa. A sa wata alama da kowa ya yarda da ita, misali in ruwa ya taɓa gindin wata bishiya, mata masu ciki da yara da tsofaffi su tafi, ba tare da sabuwar muhawara ba. Fita da rana da ƙafa ta fi fita da dare a kwalekwale. Abin da ke riƙe mutane shi ne tsoron ɓarayi, kuma tsoron ba na banza ba ne. Maganinsa shi ne maza kaɗan su zauna gadi bi da bi a wuri mai tsayi, da jirgi a kusa, ba dukan iyali su zauna ba.

Kayan fita ba su da yawa: robar takardu, gidan sauro, tamfol, tocila, tukunya, ashana a leda, jarkar ruwan sha, sabulu, garin kwana uku ko huɗu, da maganin duk mai ciwon da ba ya yankewa, kamar hawan jini ko sukari.

Ruwa mai gudu ya fi yadda ido ke ganinsa ƙarfi. Zurfin santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 kuma na iya ɗaga ƙaramar mota. Masu babur da ke ƙetare mayo a kan shimfiɗar simintin da ake kira radiye su ne suka fi shiga wannan haɗarin, rafin kuwa in an jira shi sa'o'i kaɗan yakan sauka. A kan Logon da tafkin Maga, lodin da ya wuce kima ne ke kifar da jirgi, ga kuma dorina, wadda ke bin ruwa har cikin gonaki in ya malala.

Bayan ruwa

Sau da yawa cutar da ke biyo baya ta fi ruwan kisa. Ambaliya na cika masai ta kwashe abin da ke ciki ta zuba a rijiya. Duk rijiyar da ruwa ya hau kanta gurɓatacciya ce har sai an yashe ta an sa mata magani. Kafin nan a tafasa ruwan sha, ko a sa ƙwayar Aquatabs ko ruwan jabel daidai yadda ma'aikacin lafiya ya nuna, a jira minti 30. In ruwan ya yi laka a bar shi ya kwanta a tace tukuna. Kwalara ba baƙuwa ba ce a nan: annobar 2010 ta kashe mutum sama da 600 a Kamaru, mafi yawansu a Arewa Mai Nisa. Mai zawo kamar ruwan shinkafa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, ana kan hanyar asibiti. In babu na ƙunshi, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin, kada a yi tozo.

Zazzaɓin cizon sauro na ƙaruwa makwanni bayan ruwa ya kwanta. Tun 2016 ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi wata-wata da damina a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa. Iyalin da suka yi ƙaura sukan tsallake zagaye ɗaya ko biyu saboda masu rabon ba su same su a gida ba, don haka a tafi da katin yaro a nemi ma'aikatan a inda aka sauka. Yaran da ke wasa cikin kwantaccen ruwa kuma suna ɗaukar tsargiya. Macizai ma tudun da mutane suka gudu can suke gudu. Wanda maciji ya sara kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, a hana gaɓar motsi a kai shi asibiti.

Sauran haɗurra ba su kai ambaliya ba, amma suna da lokutansu. Guguwar farkon damina a Mayu da Yuni tana yaye kwanon da ba a ɗaure da ƙarfe a jikin gini ba. Gobarar hunturu na cin unguwar bukkoki cikin mintoci, musamman inda aka jingina kara da harawa da ɗakin girki. Zafin Maris zuwa Mayu yana wuce digiri 40. Fari ya yi ɓarna a 1973 da 1984, kuma shekarar ambaliya ba ta hana ta gaba zama ta fari. A wajen Kalfu giwaye na shiga gonaki, a gonakin shinkafa kuma tsuntsayen jan-baki.

Komawa gida ma ba a yin ta da gaggawa. Bangon ƙasa da ya sha ruwa yana iya tsayawa mako guda sannan ya faɗi yayin da yake bushewa, don haka a duba gindinsa da rana kafin a mayar da shimfiɗa. A sake haƙa masai nesa da rijiya kuma a ƙasanta. Manomi kuwa yana da dama ta biyu a shekarar: karal ɗin da ruwa ya janye daga kansa shi ne gonar masakwa, dawar rani da Fulani ke kira muskuwari, mutanen Chadi ke kira berbere. Ana dasa ta daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba gwargwadon janyewar ruwa, ba a yi mata ban-ruwa, a girbe a Janairu ko Fabrairu. Sai dai dashe ake yi, ba shuka ba, wato dole a riga an yafa irin a wani wuri mai tudu tun wajen Agusta, tun kogi bai kai ƙololuwa ba.